Tsakanin "latest" da "last": amsa ga mai shagon waya

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Ina sayar da wayoyi a babbar kasuwar Kaduna, da yamma kuma ina zuwa lesin don in sake zama jarrabawar Turanci, ita kaɗai ta tare min hanya. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na rubuta *I came more earlier than him*, malaminmu ya ja jan biro a kan *more*, bai ce min komai ba. Sannan wata hajiya ta tambaye ni wata waya ta WhatsApp, na rubuta mata *this is the last model*, nufina ita ce sabuwar fitowa, sai ta ce a'a, ita sabuwa take so. Don Allah mene ne bambancin *later*, *latest*, *latter* da *last*? Kuma yaushe ake sa *more*, yaushe ake sa *-er*?" Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Tambayarka biyu ce a baki, amma jijiyarsu ɗaya: yadda Turanci yake gwada abu da abu ta fuskar lokaci. Wa ya riga wa, wa ya fi wa makara, wanne ne na baya-bayan nan, wanne ne na ƙarshe. Na daɗe ina koyar da Turanci a garin nan, da safe a sakandare, da yamma ga masu shirin WAEC da NECO da JAMB, kuma ban taɓa karɓar sabon aji ba face na tarar da *more earlier* ɗin nan ya riga ni shiga. Ba rashin ƙwaƙwalwa ke kawo shi ba. Hausarka ce take aiki a ƙarƙashin Turancin, kuma tana aikinta daidai, wurin ne dai ba nata ba.

Inda "more earlier" ya samo asali

Mu a Hausa idan za mu fifita wani a kan wani, ba ma taɓa jikin kalmar da ke ɗauke da siffar. Aikatau muke ɗaukowa, wato "fi". Wana ya fi ni tsawo. Daminar bana ta fi ta bara daɗewa. "Tsawo" da "daɗewa" suna nan yadda suke, "fi" ce ta yi dakon kayan. Idan a kan kowa ne sai mu ce ya fi kowa, ya fi duka, ko mu ce mafi. Da an zo kan lokaci ma muna da wani aikatau na musamman: "riga". Ya riga ni zuwa masallaci. Kalma guda ta ɗauke abin da Bature sai ya jera *earlier than* kafin ya faɗa. Ko Turancin buroka da ake yi a Kakuri da Sabon Tasha hanyarmu ya bi: *e come early pass me*. Wannan *pass* ɗin "fi" ce ta sa riga da wando.

To yaro ya shiga aji, an ce masa *more* na nufin "fi". Sai zuciyarsa ta riƙe cewa duk jimlar da babu *more* a cikinta ba a yi fifiko ba. A gefe guda kuma ya tsinci *earlier* a bakin mutane kamar kalma ce mai cin gashin kanta, ma'anarta "da wuri" ko "ɗazu". Ranar da ya tashi cewa na riga shi, sai ya haɗa su biyun. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, wannan *-er* da ke wutsiyar *earlier* ita ce "fi" ɗin. An riga an sa ta. Ƙara *more* a gabanta ɗora hula ne a kan hula.

Wanda ya zauna a zaure ya karanci nahawun Larabci ba ya wahala a nan, domin ya san ismut tafdili, wato sigar fifiko: kabir ya koma akbar, kadim ya koma akdam, fifikon yana cikin jikin kalmar. Turanci ma haka yake yi, sai dai shi ya raba abin gida biyu. *-er* idan tsakanin abu biyu ne, shi suke kira *comparative*; *-est* idan a kan kowa ne, shi ne *superlative*. Jimlarka ke nan: *I came earlier than him*. Idan kai ka riga duk 'yan layinku buɗe shago: *I came earliest*.

Na lura sau da yawa mai rubuta *more earlier* ƙarfafawa yake nufi, wato na riga shi nesa ba kusa ba. Wannan yana da kalmominsa: *much earlier*, *far earlier*, *a lot earlier*. Idan da ɗan kaɗan ne, *a little earlier*. Amma ban da *very earlier*, shi ma jan biro zai sha.

Abin dariyar shi ne, Turawan Ingila da kansu a ƙarni na 16 da na 17 suna haɗa *more* da *-er* a rubuce, har manyan marubutansu. Masu nahawun ƙarni na 18 ne, irin su Robert Lowth a 1762, suka yanke hukuncin cewa kuskure ne, hukuncin kuma ya zauna har yau. Ka ga ke nan ba kai ka fara ba, makara kawai ka yi da shekara ɗari uku da wani abu.

Wa ke ɗaukar "-er", wa ke ɗaukar "more"

Wannan ba shi da wuya, ƙirga gaɓa ne. Kalma mai gaɓa ɗaya tana ɗaukar ɗafa-ƙeya: *soon, sooner, soonest*, *long, longer, longest*, *fast, faster, fastest*, haka *old*, *new*, *young*, *short*. Wadda ta ƙare da *e* kamar *late*, *r* da *st* kawai ake ƙara mata. Dogayen kalmomi kuwa ba sa son a rataya musu komai a ƙeya, sai a ajiye *more* da *most* a gabansu: *more recent, most recent*; *more frequent*; *more punctual*. Bayanau mai ƙarewa da *-ly* ma haka: *more recently*, *more quickly*, *more promptly*.

A nan ne *early* take yaudarar mutane, domin ita ma da *-ly* ta ƙare. Ga gwajin da nake ba ɗalibai. Ka yanke *-ly* ɗin ka ga abin da ya rage. *Quickly* ta bar *quick*, ma'anar tana nan. *Recently* ta bar *recent*. *Early* fa? Ta bar *ear*, wato kunne. Duk shekara aji sai ya fashe da dariya a wurin nan, kuma wanda ya yi dariyar ba ya mantawa. A Turancin yau *early* dunƙulalliyar kalma ce mai gaɓa biyu da ta ƙare da *y*, irin *happy* da *easy*, sai *y* ta koma *i*: *earlier, earliest*.

*Often* kuma ka ce *more often, most often*. Za ka iya cin karo da *oftener* a ƙamus ko tsohon littafi, amma kada ka kai ta ɗakin jarrabawa. Akwai kuma waɗanda ba a fifita su sam: *now, today, yesterday, already, always, never*. Mu ma ba ma cewa wannan ya fi wancan "jiya". Ɗan ƙarin da zai amfane ka a takardar furuci: a *long* ba a jin *g*, amma a *longer* da *longest* tana fitowa sarai, "longa", haka *younger* da *stronger*.

Gidan "late" mai ɗaki biyu

Yanzu ga wurin da cinikinka ya suɓuce. *Late* mun san ta, har mun are ta mun ce "latti". Matsalarta ita ce 'ya'yanta ɗaki biyu ne. Ɗakin uwargida shi ne *latter* da *last*, su ne na asali tun tsohon Turanci. *Last* ɗin ma tsohuwar *latost* ce bakin mutane ya gutsure. Daga baya aka sake ƙera *later* da *latest* a kan ƙa'idar da ka gani a sama, su ne 'yan ɗakin amarya. Da gida ya cika sai aka raba gado. *Later* da *latest* suka ɗauki agogo da kalanda. *Latter* da *last* suka ɗauki jeri, wato wa ke gaba wa ke baya a layi.

*Later* ita ce mafi sauƙi: daga baya, an jima, ko fin makara. *He came later than me*, na riga shi. *See you later*, sai an jima. Ba ta buƙatar dogon bayani.

*Latest* ita ce sabuwar fitowa, ta baya-bayan nan, wadda ake sa ran wata za ta biyo bayanta. *The latest news*, labari da ɗumi-ɗuminsa, gobe wani zai maye gurbinsa. *Last* kuwa, a ma'anarta ta farko, ita ce wadda daga ita an rufe ƙofa. Misalin da ya fi kama ɗalibaina shi ne na haihuwa. Jaririn da ke goye a bayan matar da take kan haihuwa, shi ne *latest* ɗinta. Auta kuwa shi ne *last*, shi ya sa ake cewa *last born*. Goman ƙarshe na azumi *the last ten days* ne, ba mai cewa *latest*, domin daga su sai salla. Ranar ƙarshe ma *the Last Day*.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma *last* tana da fuska ta biyu, kuma ina kyautata zaton ita ce ta kori hajiyarka. *Last week*, makon jiya. *Last year*, bara. *Last night*, daren jiya. A nan ba ƙarshe take nufi ba, tana nufin wanda ya gabaci wanda muke ciki. To mai sayen waya da ta ga *the last model*, ɗayan biyu za ta fahimta: ko dai samfurin da ya gabata, wato na bara, ko kuma wanda daga shi kamfanin ya daina yi. Babu wanda zai sa ta fito da kuɗi a cikinsu. Ita "sabuwar yayi" take nema, kalmarta kuwa *latest*.

Ka lura da aikin *the* a wurin. *Last week* ba *the*, makon jiya ne. *The last week of the month*, makon ƙarshe na wata. 'Yar kalmar nan ta juya ma'anar gaba ɗaya, kuma masu tsara tambayoyin jarrabawa sun san ana faɗawa ramin.

A aji nakan zana layi a allo in ce wannan tashar Rigasa ce. Kowa ya san jirgin, tun 2016 yake jigila tsakaninta da Idu a Abuja. Sai in ɗiga alli wuri huɗu, in ce a ƙaddara jirage huɗu ne ke tashi a yini. Ɗigon farko *the earliest train*, ko *the first*. Idan kana zaɓe tsakanin biyu, na safe da na hantsi, na safen shi ne *the earlier train*, ɗayan *the later train*. Ɗigon ƙarshe *the last train*: ya wuce ka, sai mota ko sai gobe. Sannan in tambaye su: mutum yana da ganawa a Abuja da la'asar, yana son ya yi barcinsa ya ƙoshi, wanne zai hau? Amsar ita ce *the latest train he can take*, wato mafi jinkirin da zai iya hawa ya isa a kan lokaci, wanda ba lallai ya zama na ƙarshen yini ba. A wannan ɗigon ne nake gane wanda ya fahimta da wanda yake gyaɗa kai kawai.

*Latter* ba ruwanta da agogo. Idan ka ambaci abu biyu, na farkon *the former*, na biyun *the latter*. *WAEC and NECO both conduct the examination. The former was established in 1952, the latter in 1999.* Idan abubuwan uku ne, ka ƙara JAMB ta 1978 a jerin, na ƙarshen ya zama *the last*. Ana kuma cewa *the latter part of the year*, ɓangaren ƙarshe na shekara. Ka kula da rubutu da furuci, domin kalmomi uku ne suke shiga rigar juna a littattafan ɗalibai: *later* "leita" da *t* ɗaya, *latter* "lata" da *t* biyu, sai *letter* wasiƙa. Na sha gyara *see you letter*.

Wasu 'yan'uwan nesa biyu kuma kada su ruɗe ka. *Lately* ba "a makare" ba ce, "kwanan nan" take nufi. *The late* a gaban suna kuwa marigayi ne. A nan ƙasar muna cewa *my father is late* muna nufin ya rasu, kowa ya gane. Bature ya ji haka zai ɗauka mahaifinka latti ya yi.

Waɗanda suke jawo asarar kuɗin mota

Akwai wasu 'yan jimloli da a ganina sun fi duk abin da na faɗa muhimmanci ga mai kasuwa ko mai neman aiki, domin su ne ake rubutawa a takardun ofis. *At the latest*: kada ya wuce lokaci kaza. *At the earliest*: ba zai yiwu kafin lokaci kaza ba, yana iya ma wucewa. *No later than Friday*: Juma'a ce iyaka, kuma ita Juma'ar tana ciki.

Wani ɗalibina ya taɓa shigowa lesin ransa a ɓace, rigarsa duk ƙura. Wani ofis ya liƙa sanarwa cewa takardarsu za ta fito *on Monday at the earliest*. Shi da ya ga *earliest* sai ya fahimci a zo Litinin da sassafe. Ya yi asubanci daga Rigasa, keke napep biyu ya hau, ya tsaya a bakin get tun kafin mai gadi ya gama shan shayi, aka ce masa ai ba ta fito ba, ya dawo wani makon. Ya zo yana cewa sun yi masa ƙarya. Na ce ya nuna min hoton sanarwar a wayarsa. Ba su yi ƙarya ba. Abin da suka rubuta shi ne, in an yi sauri ƙwarai Litinin, in ba haka ba sai yadda hali ya yi.

Mu kuma a nan mun saba da *latest Friday* ko *latest by Friday*. A kasuwa ba wanda zai tuhume ka, amma a takarda ka rubuta *by Friday at the latest*. Haka *reply soonest*: ragowar zamanin tangaraho ce, lokacin da ake biyan kuɗi a kan kowace kalma. Cikakkiyarta *as soon as possible*.

*Sooner* tana da nata gidan. *Sooner or later*, ko ba daɗe ko ba jima. *The sooner the better*, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Sai wadda JAMB ba ta gajiya da ita: *No sooner had I opened the shop than the rain started*, ina buɗe shago ke da wuya sai ga ruwa. Abu biyu ake dubawa. *Had* tana rigan mai aikin zuwa, kuma abokiyar tafiyar *than* ce, ba *when* ba. Dalilin a fili yake in ka tuna *sooner* kalmar fifiko ce, fifiko kuwa da *than* yake tafiya. *Hardly* da *scarcely* su ne masu ɗaukar *when*.

Sai batun daga ina ake ƙirga. *Ago* daga yanzu take ƙirgawa zuwa baya. Idan labari kake bayarwa, kana tsaye a wani lokaci da ya wuce, *earlier* ce ke aiki: *The British made Kaduna the capital of the North in 1917, fifteen years earlier they had settled at Zungeru.* Da ka sa *ago* a nan, ka dawo da Turawan mulkin mallaka zamanin wayar salula. Ta ɗaya ɓangaren ma haka. A cikin labari *two hours later*, bayan awa biyu. Amma idan alkawari kake yi wa mai saye daga yanzu, *in two hours* za ka ce.

Na shekaru kuwa a gurguje. *Older* da *oldest* suna shiga ko'ina, mutum ko gari: *Zaria is older than Kaduna*. *Elder* da *eldest* na dangi ne, *my elder brother*, kuma ba sa zama da *than*. *Senior*, *junior* da *prior* daga Latin suka zo da fifikonsu a jiki, *to* suke ɗauka: *he is senior to me*. *He seniors me* da muke ji kullum, "ya girme ni" ce aka sauya wa kaya.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙa'idojin nan sun fi tsauri a ɗakin jarrabawa a kan bakin masu harshen. Littafi ya ce tsakanin biyu *-er* ake sawa, amma za ka ji Bature yana maganar 'ya'yansa biyu ya ce *the oldest*. Za ka ji *quicker* a inda littafi yake son *more quickly*. Za ka ma ji *his last album* ana nufin na baya-bayan nan, mawaƙin kuwa yana raye yana shirin wani. Ni abin da nake koyarwa shi ne wanda mai maki ba zai soke ba, mai karatu kuma ba zai yi masa fassara biyu ba. Idan kuma takardar yarjejeniya ce ta kuɗi mai nauyi, aka rubuta *no later than* ranar kaza, nahawu ya gaya maka ranar tana ciki, amma bai gaya maka ko da tashin ofis ranar ta ƙare ko sai sha biyun dare ba. Wannan sai a rubuta sa'ar ƙarara, ko a nuna wa lauya.

Aikin da zan ba ka na mako guda ne. Kowane dare ka rubuta jimla biyar a kan yinin shagonka: wa ya riga buɗewa a layinku, wace waya ce ta fi daɗewa ba a saya ba, wane ne mai sayen ƙarshe kafin ka rufe, wace ce sabuwar da ta shigo. Ka fara faɗar kowace da Hausa. Inda ka ji "fi" ko "riga", ka tabbatar alamar fifiko ɗaya tak ka sa a Turancin. Inda ka ji "na ƙarshe", ka tambayi kanka auta ne ko na goye. Ka kai wa malamin naku ya duba, ka kuma roƙe shi ya riƙa rubuta dalili a gefen jan biron.

Ita kuma hajiya, in lambarta tana nan, ka sake tura mata hoton wayar ka rubuta *this is the latest model*. Idan ta nemi ragi har kuka kai inda ba za ka iya sauka ba, a nan ne *last* ta samu wurinta, *last price*, kamar yadda kuke faɗa a kasuwa. Bature *final price* zai ce, amma ita ta Kaduna ce, za ta gane.